Sati uku ina fama da kwamfutar da ke mutuwa ta tashi da kanta

Abin ya fara ne wata Talata da la'asar sakaliya, ina zaune a shagona a Samaru, wata ɗaliba ta kawo furojet ɗinta in gyara mata teburan babi na huɗu in buga mata, washegari da safe zata kai wa malamin da ke duba mata. Mun fi awa ɗaya muna jera lambobin nan, ita tana karantowa daga takarda ni ina shigarwa, yaron shago yana can gefe yana nashi aikin a laftof, sai kawai fuskar kwamfuta tayi baƙi ƙirin, fankarta ta ɗan yi shiru, can sai gata ta sake tashi da kanta kaman wani ya danna mata maɓalli. Ba saƙo, ba gargaɗi, ba komai. Na ɗaga kai na kalli ƙwan fitila yana ci, fankar sama tana juyawa abinta, wato ba ɗauke wuta akayi ba kenan. Yarinyar nan ta dafe kai tace "Malam don Allah kace min kayi sebin." Ban yi ba. Allah ne ya rufa asiri, Word yana ɗan ajiye aiki da kansa duk bayan minti 10, shi ya dawo mana da mafi yawa, tebur ɗaya da rabi muka sake. Na bata haƙuri nace sharrin wuta ne, alhali ni kaina ban san ko menene ba.

Kwamfutar ba sabuwa bace, kar in yi muku ƙarya. Haɗi ce, na saye ta na hannu shekaru da suka wuce, Core i5 3470 ne a ciki, irin wanda ya fito tun 2012, ram, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kan yi, DDR3 guda biyu kowanne giga 4, Windows 10. Amma ita ce jakar shagon, ita ke taifin, ita ke CorelDraw na katin biki da kalanda da sitika, ita ke skanin, tun safe har bayan isha'i. Bata taɓa min irin wannan ba. Shi yasa ranar farko na share, nace ko aljanin wuta ne ya wuce. Washegari tayi sau biyu. Ranar Alhamis bata yi ko sau ɗaya ba har na manta. Juma'a da daddare tayi sau huɗu, na ƙarshen ina tsakiyar haɗa katin ɗaurin aure na wani bawan Allah da yazo tun daga Tudun Wada yana tsaye a kaina yana duba agogo. Kuma abin da ya ƙara rikita ni, ba kala ɗaya take yi ba. Wani lokaci ta mutu ta tashi da kanta nan take, wani lokacin kuma, musamman da rana tsaka in ina aiki mai nauyi, sai ta fara nauyi tana jan ƙafa, fanka tana ihu kaman jirgi zai tashi, sannan ta mutu murus sai na danna da hannuna. A lokacin ni duk abu ɗaya na ɗauke su.

Toh kun san mu, da ka buɗe baki kace kwamfutarka na da matsala kowa injiniya ne. Maƙwabcina mai sayar da caja da kwandon waya yace bairos ne, ai filashin ɗalibai babu abin da basa kwasowa, kayi mata fomat kawai ka huta. Wani kuma yace ai Windows 10 ta ƙare, kamfanin sun rufe ta shi yasa. Wannan dai na san ba haka bane, abin da Microsoft suka yi shine sun daina aiko mata da sabuntawar tsaro na kyauta daga 14 ga Oktoba 2025, basu ce zasu riƙa kashe wa mutane kwamfuta daga Amurka ba. Amma maganar bairos ta shige ni, don gaskiya filashin da ake cusawa a injin nan a rana Allah kaɗai ya san adadinsu. Na kwashe fayiloli na zuba a had disk na waje, ranar Lahadi na rufe shago na zauna nayi fomat. Wanda bai taɓa yi ba bazai gane ba, sa Windows ɗin ba shine aikin ba, aikin shine dawo da komai, direban firinta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, direban skana, Office, Corel, sai rubutun Larabci kala kala da nake amfani dasu a katin walima da na saukar Alƙur'ani wanda na tara shekara da shekaru kuma ashe rabinsu ban kwafe ba. Wuni guda cur da data mai yawa suka tafi. Litinin lafiya lau, har ina ce wa maƙwabcin nan Allah ya saka da alheri. Talata bayan magariba, ƙit, ta mutu ta tashi. Wallahi sai da na zauna nayi shiru na kusan minti biyar ina kallonta.

Daga nan aka koma kan ram. Wani da yake gyaran laftof yace min ta waya in ciro su in goge bakin zinaren nan da kilinan fensir in mayar. Nayi. Yace in gwada da guda ɗaya ɗaya, in cire ɗaya in yi aiki da ɗaya, in ta sake in musanya. Wannan shawara ce mai kyau, ban raina ta ba, don ram mai matsala yana sa irin haka sosai. Amma ni da na sa na farko tayi ristat, na sa na biyu ma tayi, maimakon hankalina ya bani cewa da wuya ace duka biyun sun lalace rana ɗaya, sai na hau keke napep na tafi na sayo wani ram ɗin giga 4. Zafin nema kenan. Na sa shi, kwana ɗaya, ta sake. Daga baya ne ma na san Windows tana da nata abin gwajin, ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta mdsched, zata sake tashi ta bi ram ɗin tana dubawa. Na gwada tsofaffin nawa, babu kuskure ko ɗaya.

Wanda ya fara ɗora ni a hanya wani yaro ne ɗan ABU da ke karatun injiniyan lantarki, kwastoma ne yazo bugun takardu ya same ni ina ta tsaki. Yace "Baba me ta rubuta kafin ta mutu?" Nace bata rubuta komai. Yace ai ba lallai bane, wata ƙila tana rubutawa baka samun gani ne. Ashe Windows in ta haɗu da babban kuskure tana nuna shuɗin allon nan, amma an saita ta ta sake tashi nan da nan, to wani lokaci kafin ka ƙifta ido ya wuce. Ya shiga System Properties, ya je Advanced, wajen Startup and Recovery, ya cire alamar da ke kan Automatically restart. Yace yanzu in matsalar Windows ce ko direba, zata tsaya a shuɗin allo da sunan kuskuren, ka ɗauka a waya ka turo min. In kuma ta ci gaba da mutuwa babu shuɗin allo, to ka daina zargin Windows. Sannan ya buɗe wani waje da ban taɓa shiga ba duk shekarun nan, Event Viewer, wato littafin da kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta da lokacinsa. Muka ga jan layi a jere, Kernel-Power, lamba 41, kowanne da rana da awa da minti. Na ɗauka mun kama ɓarawo, yace a'a Baba, 41 ba ta faɗin dalili, abin da take cewa kawai shine kwamfutar ta tashi ta tarar ba a kashe ta ta hanyar da ta dace ba, ko kai ka zare waya daga soket ma haka zata rubuta. Amma ya nuna min wani abu a ciki, BugcheckCode, a nawa sifili ne duka. Yace da shuɗin allo ne da akwai lamba a wajen, sifili yana nufin Windows bata ma samu damar cewa uffan ba aka yanke mata numfashi. Ya kuma duba ko akwai lamba 1074, wadda ke fitowa in wata manhaja ko sabuntawar Windows ce ta bada umarnin ristat, babu a lokutan. Yace saura abu biyu da na fi zargi, zafi ko wuta.

Ya sa min HWMonitor kafin ya tafi. Ina buɗewa, ba aikin komai nake ba, furosesa tana digiri 60 da wani abu. Na buɗe Corel na jawo wani babban fayil na bana, irin ƙyallen tallan nan, kafin minti biyar ta haura 90. Irin wannan furosesar in ta kai wajen 105 da kanta take rage gudu, in abin yaƙi sai ta kashe kanta gaba ɗaya don kar ta ƙone. Nan na gane mutuwar tsakar rana da ihun fankar nan.

Da daddare na kwance murfin gefe, wanda rabon da in buɗe shi da niyyar shara ni kaina na manta, ko ranar da na ciro ram ɗin ban tsaya na haska ciki ba. Innalillahi. Ku da kuke Zariya kun san ƙurar hunturu, ga shagona a bakin titin Sakkwato manyan motoci na wucewa dare da rana, kwamfutar kuma a ƙasa take ƙarƙashin tebur tana shaƙa wata uku huɗu a jere. Tsakanin fanka da ƙarfen nan mai haƙora da ke kan furosesa ƙura ta dunƙule ta zama kaman bargo, da yatsa na ɗago ta a haɗe bata ko karye ba. Ga yanar gizo, ga wata busasshiyar tsaka a kwance a ƙasan akwatin, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Washegari na aro bulowa na fitar da ita waje, na zare wayar wuta, na danna maɓallin kunnawa na ɗan riƙe don sauran wutar ciki ta fita, na sa yaron shago ya danne fankokin da tsinke don kar iska ta juya su fiye da ƙima, muka busa. Ƙurar da ta tashi sai da mai shayin gefenmu ya rufe kayansa yana ce mana wannan ai zalunci ne. Na murɗe ƙusoshin roban nan guda huɗu na ɗago fankar furosesa, man da ake shafawa tsakani ya bushe ƙamas kaman ƙanzo, kuma ɗaya daga ƙusoshin ashe dama bai shiga raminsa sosai ba, ƙarfen a ɗan karkace yake zaune. Na goge da sifirit da tsumma mai tsabta, na ɗiga sabon man kaman ƙwayar masara a tsakiya, ba a cika shi, aikinsa kawai ya cike ƴan ramukan da ido baya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, na mayar na danna ƙusoshin biyu biyu masu kallon juna har kowanne yace ƙas. Na kunna. Digiri 38 zuwa 40 a zaune, da aiki mai nauyi bata wuce 60 da ɗoriya ba, fanka tayi shiru har sai da na leƙa in tabbatar tana juyawa. Na ɗauko benci na ɗora ta sama ta bar ƙasa. Na kira yaron nan ɗan ABU nace an gama, Allah ya yi maka albarka.

Kwana uku nayi ina jin daɗi. Rana ta huɗu bayan magariba, ƙit.

Ashe tsugune bata ƙare ba. Mutuwar tsakar rana ta tafi kam, bata sake ba har yau, amma ristat ɗin yana nan daram, kuma babu shuɗin allo duk da mun cire alamar nan. A daren ne na fahimci cuta biyu ce a jikin mara lafiya ɗaya, na warkar da ɗaya ne kawai. Da na rasa abin yi sai na ɗauko littafin bashi na shago na juya bayansa, nace duk sanda tayi zan rubuta lokaci, da abin da nake yi, da abin da ke kunne a shagon, da ko wutar gari ce ko janareta. Na koma Event Viewer na kwafo lokutan baya ma. Cikin kwana huɗu abu ya fara fitowa fili. Da safe kusan bata yi. Yawanci daga magariba zuwa tara na dare ne, daidai lokacin da kowa a layin ya kunna kayansa wuta tayi ƙasa, fankar sama tana juyawa kaman bata ci abinci ba, sitabilaiza tana ta ƙas ƙas. Sai kuma in muna kan ƙaramin janareta. Amma abin da ya tsaya min a rai shine a layi biyar cikin bakwai na rubuta "yaro yana firintin" ko "an kunna laminetin". Ni ban taɓa haɗa su ba saboda ba ni ke tura bugun ba, yawanci shi ke turawa daga laftof ta wayar firinta, ni ina can ina nawa aikin da bayana gare shi. Har ranar farko ma da ɗalibar nan, da na tambaye shi yace eh lokacin yana buga wa wani takardar haya.

Na leƙa bayan tebur. Ikstenshan ɗaya ce, mai baki biyar, ta fito daga sitabilaiza mai 1000VA, a jikinta akwai kwamfuta, allo, firintar leza, injin laminetin, da cajar laftof. Bakin da firinta take har ya yi ruwan ƙasa don zafi. Ita firintar leza ba kaman mai tawada bace, a cikinta akwai abin da ke gasa garin tona ya manne a takarda, in ta farka daga barci zata fara bugu sai ta ja wuta da ƙarfi lokaci guda, wat ɗaruruwa, kusan kaman ka jona dutsen guga. Na sha ganin ƙwan fitila yana ɗan dusashewa in ta fara gurnani, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Sai na shirya mata tarko. Bayan magariba na kunna kwamfutar na shiga BIOS, allon saitin da ke zuwa kafin Windows, na bar ta a nan, wato Windows bata ma tashi ba balle ace ita ce ko bairos ko direba. Na bar firinta ta huce tayi barci, nace wa yaro tura bugu daga laftof. Firinta ta farka, fitila ta ɗan yi ƙasa, sitabilaiza tace ƙas, allon BIOS ya ɗauke, kwamfuta ta sake tashi. Na yi ihu har mai caja ya leƙo. Muka sake, bata yi ba. Muka jira ta huce muka sake na uku, tayi. Nace to alhamdulillahi, yau dai na ganki da idona. Fomat ɗin da nayi da rubutun Larabcina da suka salwanta duk a banza.

Amma akwai tambaya, shekara nawa firintar nan da kwamfutar suna kan ikstenshan ɗaya, me yasa sai yanzu? Wannan ne yasa ranar Asabar na naɗe ta a tsohon zani na rungume a keke, muka bi ta Kwangila muka wuce PZ har Sabon Gari, wajen wani dattijo da aka min kwatance, asalinsa mai gyaran rediyo da talabijin ne tun zamanin masu ƙusumbi kafin ya koma kwamfuta. Ya jona ta a shagonsa, ta fi awa ɗaya tana aiki lafiya ƙalau kaman ba ita ba, dama haka suke yi in sun ga likita. Na bashi labari tun daga farko, na nuna masa bayan littafin bashi, ya gyara gilashi ya karanta yayi dariya yace "Malam ai ka gama aikin, ni me ka kawo min? Fawa fak ɗinka ne ya tsufa." Wato akwatin da ke karɓar wutar soket ya raba wa kayan cikin kwamfuta. Ya ɗauko mita, ya soka baƙar tsinke a baƙar waya, ja a ruwan ɗorawa, yana min bayani, ruwan ɗorawa volt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙa kuma ƙasa. Yace ƙa'ida kar su kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari, wato ta 12 ɗin kar ta sauka ƙasa da 11.4 kar ta haura 12.6. Tawa a zaune tana 11.6, da ya sa na buɗe aiki mai nauyi sai ta gangara 11.2 tana rawa.

Ya zare wuta, ya ciro fawa fak ɗin, ya shinshina, ya kwance. Na miƙa hannu zan taɓa ya buge min hannu yace "Kul! Wannan babban kafasito yana riƙe wuta ko an cire daga soket, volt ɗaruruwa, ba wajen wasa bane, ko a gida kar ka kuskura ka buɗe." Sai da ya sauke wutar da wani ƙwan fitila da ya haɗa wa wayoyi sannan ya nuna min. Kafasito guda uku ƙanana kansu ya kumbura kaman gwangwanin da ya lalace, maimakon ya zama a shafe, ɗaya har ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kai. Babban ma da ya auna bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. Fankar ciki kuma da ƙyar take juyawa don ƙura, bulowar da nayi bata kai can ba. Yace zafi ne ke busar da ruwan da ke cikinsu sannu a hankali, shekara da shekaru. Bayanin da ya min shi ya zauna min, yace ka ɗauka randa ce a gidanka, famfo na zuba kana ɗiba, in ruwa ya ɗan tsaya bazaka ji ba tunda akwai na randa. Fawa fak mai lafiya an yi shi ne ya riƙe kwamfuta na kusan kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa in wuta ta ɗan yanke, ɗan ƙanƙanin lokaci ne amma ya isa ya haye ƙas ɗin sitabilaiza da jan da firinta ke yi. Yace taka randar ta tsage. Da wuta ta ɗan sunkuya sai ya gaya wa madabod, wato babban allon da komai ke jone a kai, babu lafiya, ita kuma ta sake tashi daga farko. Da can yana da ƙarfin shanyewa, yanzu babu.

Yace zai iya canza kafasitocin amma bai bani shawara ba, tunda abincina a kan injin yake. Muka leƙa wajen masu kaya. Na ɗauko wani sabo fil a kwali an rubuta wat 500 da manyan baƙi, ga araha, ya karɓa ya jinjina a hannu ya mayar yace "ji fa, kaman gwangwanin madara babu komai ciki." Ya zaɓo wani na hannu mai nauyi, wat 350 kacal aka rubuta amma da tambarin 80 Plus, wato shaidar baya ɓarnar wuta, ya nuna min jikin takardar inda aka sa yana karɓar wuta daga volt 100 har 240. Yace wannan shi ya dace da mu, wutarmu a takarda 230 ce amma kai ma ka san abin da ke isowa Samaru da magariba. Tsohon nawa irin mai ɗan jan makunni ne a baya na 115 da 230, wanda in yaro ya tura shi 115 ka jona a wutarmu sai dai ka ji fau da hayaƙi. Na ci sa'a tawa haɗi ce, filogi mai ƙafa 24 na kowa da kowa ya shiga, don yace wasu ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell nasu filogin daban ne, sai ka nemo irin nasu sak. Ya haɗa, ya tabbatar ƙaramin filogi mai ƙafa 4 na furosesa ya zauna, ya auna, 12.1 tsaye kyam ko an ɗora aiki. Ya kuma duba kafasitocin madabod da tocila, duk lafiya, ya zare wayar maɓallin riset na gaban akwati yace wannan ma in ya tsufa yana haɗewa da kansa ya yi ta ristat, tunda baka amfani dashi bar shi a cire. Kuɗin fawa fak ɗin da na aikinsa gaba ɗaya bai kai abin da na kashe a ram da data da wunin da na rufe shago ba.

Kafin in tafi yace kar in mayar da ita cikin wancan cunkoson. Na samo mai wayarin ya ja min soket daban daga bango don firinta da laminetin, na jefar da ƙonanniyar ikstenshan. Akwai tsohuwar UPS da na jingine tun da batirinta ya mutu, na sayo mata sabon batir mai volt 12 da 7Ah na sa, kwamfuta da allo kawai na jona mata. Yaron shago har ya ɗauko wayar firinta zai cusa a ciki wai don kar bugu ya katse in an ɗauke wuta, nace maza cire, firintar leza ba a sa ta a ƙaramar UPS, jan farkon nan kaɗai ya fi ƙarfinta.

Daren ranar bayan magariba, wuta tayi ƙasa kaman kullum, na buɗe Corel da fayil ɗin bana mafi nauyi da nake dashi, na kunna laminetin, nace wa yaro tura shafi 60. Firinta tayi gurnaninta, fitila ta dusashe, UPS tace ƙit sau ɗaya, allo ko ƙiftawa bai yi ba. Muka bar ta ta huce muka sake har sau biyar. Yau sati shida kenan, jiya na leƙa Event Viewer, 41 na ƙarshe shine na wancan makon kafin in je Sabon Gari. Ɗalibar nan ta dawo bainin, wato ɗaure furojet ɗinta, kwafi huɗu, tana zama tace "Malam ayi sebin dai," nace ai yanzu hannuna da kansa yake danna Ctrl da S ko wasiƙar layi biyu nake rubutawa. Shi kuma tsohon fawa fak ɗin yaro ya cire fankar ya wanke ya haɗa da batir yana fifita da ita, kwankon muna tokare ƙofa dashi. Ram ɗin nan DDR3 giga 4 da na saya yana nan a durowa ko wata guda bai yi aiki ba, mai buƙata ya leƙo Samaru, zan rage masa.